Akwatin Goggo da Gafakar Nana Asma'u: Ina Takardun Matanmu Suke Kwana?



A hutun zangon da ya wuce, wata ranar Asabar, Inna ta sa ni in share ɗakin da Goggona ta zauna a gidanmu na Sabon Gari, nan Gusau. Goggo ƙanwar Babanmu ce, malamar firamare, shekara biyu ke nan da rasuwarta, Allah Ya jiƙanta. Ina cikin shara sai tsintsiya ta bugi wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Na jawo shi, na buɗe. Wallahi warin da ya fara dukan hancina shi ya gaya mini cewa gara ta riga ni.

Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, guda goma sha huɗu, duk da rubutun hannunta. Na ɗauka tsofaffin shirin darasi ne. Da na buɗa wanda ya fi lafiya sai na ga tatsuniyoyi ne da ta rubuta daga bakin Kakarmu, da waƙoƙin da mata suke yi wajen niƙa da daɓe, sai kuma wani labari nata na kanta mai babi-babi wanda ba ta ƙarasa ba. Biyar kawai ake iya karantawa. Sauran sun zama gari, kana ɗagawa suna zuba. Na kai wa Inna, ta duba ta ce, "Ai da sun fi haka yawa. Wasu mun hura wuta da su, wasu yara sun kai wa mai ƙosai. Wa ya san abin da ke ciki?"

Ban ga laifin Inna ba, don ni ma da a bara ne, abin da zan yi ke nan. Amma tun ranar nake ta bincike a kan tambaya guda: me ya sa rubutun wasu mata yake rayuwa shekara ɗari biyu, na wasu kuma ba ya kai shekara biyu bayan an binne su? Abin da na gano shi na kawo muku, kuma a taƙaice shi ne: ba kyawun rubutu kaɗai ke ceton takarda ba. Sai an sami wanda ya tsaya ya ɗauke ta, ya rubuta ta wace ce, ya ajiye ta inda ruwa da wuta da gara ba za su kai ba.

Me ake nufi da takardun marubuci?

Da yawanmu in an ce an adana aikin marubuci, abin da ke zuwa mana shi ne littafinsa da aka buga yana kan kanta a ɗakin karatu. Wannan ɓangare ɗaya ne kawai. Littafin da aka buga yana da kwafi dubbai, in ɗaya ya ɓata akwai wani. Takardun marubuci kuwa su ne abubuwan da ba su da na biyu: rubutun farko da aka yi da hannu, da wuraren da aka soke aka sake, da wasiƙun da ya aika da waɗanda aka aiko masa, da littafin da yake rubuta abin da ya ji a kasuwa, da hotuna, da kaset, har da rasit ɗin maɗaba'a.

Amfaninsu fa? Rubutun farko yana nuna yadda tunani ya yi tafiya kafin ya zauna, abin da aka cire saboda tsoro ko kunya, da abin da edita ya sa aka sauya. Wasiƙa tana nuna wa ya koyar da wa, wa ya taimaki wa. Rasit yana gaya maka kwafi nawa aka buga da nawa aka kashe. Wurin da ake tara irin waɗannan shi ne ma'adanar takardu, kuma aikinta ya bambanta da na ɗakin karatu: ba a ba da aro, ba a raba takardun mutum ɗaya a watsa su, ana barin su a jere yadda mai su ya bar su, sannan a yi musu jerin bayani don mai bincike ya san abin da ke cikin kowane akwati.

A Amurka, tun a 1942 Kwalejin Smith ta buɗe ma'adana ta musamman don takardun mata, wadda ake kira da sunan Sophia Smith. Shekara guda bayan nan, a 1943, aka kafa irinta a Kwalejin Radcliffe, wadda yanzu ake kira ɗakin karatu na Schlesinger a Jami'ar Harvard. Dalilinsu ɗaya ne: sun lura cewa in namiji mai suna ya mutu ana rige-rigen takardunsa, in mace ce sai a share ɗaki.

Matar da aka cinna wa takardunta wuta

Kada ku ɗauka can komai a tsare yake tun asali. Ku ji labarin Zora Neale Hurston, baƙar fata 'yar Amurka da aka haifa a 1891, ta tashi a garin Eatonville na jihar Fulorida. Ta yi karatun nazarin al'adu a hannun Franz Boas, sannan ta koma kudancin ƙasar tana bin sansanonin masu yankan katako da zaurukan hira tana rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙin baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu. Daga nan ta fitar da Mules and Men a 1935, sai shahararren ƙagaggen labarinta Their Eyes Were Watching God a 1937.

Duk da haka, a cikin talauci ta rasu a watan Janairun 1960 a garin Fort Pierce, aka binne ta babu ko alama a kan kabari. Da aka zo share gidan da ta zauna, sai aka tara kayanta a waje aka cinna musu wuta. Wani jami'in tsaro da ya san ta, Patrick DuVal, ya zo wucewa ya ga hayaƙi, ya tsaya ya kashe wutar. Abin da ya tsira aka kai Jami'ar Fulorida a 1961, kuma har yau wasu shafukan da baƙin ƙuna a gefensu. A 1973 marubuciya Alice Walker ta je ta nemi wurin kabarin ta sa masa alama, ta kuma yi rubutun da ya dawo da hankalin mutane kan littattafanta.

Akwai ƙarin abin lura. Hurston ta yi hira mai tsawo da wani tsoho, Cudjo Lewis, wanda aka kamo daga yankin Dahomey aka kai Amurka a jirgin bayi a 1860. Ta kammala littafin a 1931, amma masu buga littattafai ba su karɓa ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ta rubuta maganar tsohon yadda take fita daga bakinsa, aka nemi ta mayar da ita daidaitaccen Turanci, ta ƙi. Rubutun ya kwanta a ma'adanar Jami'ar Howard, sai a 2018 aka buga shi da sunan Barracoon. Shekara 87 takarda tana jira. Da ba a ajiye ta ba, da wa zai jira wa?

Da na karanta wannan sai na tuna da Inna da murhunta. Bambancin Goggo da Hurston a wannan gaɓar mutum ɗaya ne da ya zo wucewa a kan lokaci.

Gafakar Nana Asma'u

To mu dawo gida, don mu ma muna da namu, kuma namu ya girmi nasu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma jama'ar Shehu ba su bar littattafansu a baya ba duk da halin da ake ciki. A 1805 sun yi zaman wasu watanni a wani wuri a ƙasar Zamfara da shi ma ake kira Sabon Gari, kafin su wuce Gwandu. Ba namu na Gusau ba ne, suna ne ya zo ɗaya, amma dai ƙasar nan ta taɓa ɗaukar sawunta tana yarinya.

Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen 60: wa'azi, tarihi, marsiyya, da fassarar waƙoƙin mahaifinta. Ita kanta ma'ajiya ce, don bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka kula da tattara rubuce-rubucensa. Sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata daga ƙauyuka, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci mata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin, su koma gida su koyar.

Ku lura da hikimar nan. Ta ajiye aikinta a wuri biyu: a takarda da kuma a ƙirjin mata. In gara ta ci ɗaya, ɗayan yana nan. Takardun kuwa sun zauna a gidan Waziri, don mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, zuriyarsu suka riƙa gadon su ana kwafa ana ajiyewa a gafaka, har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997. Shi ya buɗe wa Jean Boyd ƙofa, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta fitar da The Caliph's Sister a 1989, sannan ita da Beverly Mack, malamar jami'a 'yar Amurka, suka tara ayyukan a kundi guda mai sama da shafi 700, wanda Jami'ar Jihar Michigan ta buga a 1997.

Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: su jajin nan fa? Da ɗalibansu? Da malaman mata na Gusau da Bunguɗu da Tsafe waɗanda suka koyar da yara a soro da tsakar gida shekara da shekaru? Asma'u ta cancanci duk abin da aka yi mata da ƙari, amma takardunta sun tsira ne har da cewa gidan da suka kwana gidan malamai ne da suka san darajar takarda. Matar da ba ta da irin wannan gida, akwatinta a ƙarƙashin gado yake ƙarewa.

Tatsuniya ta mata, suna na maza

Kowa a cikinmu ya san a bakin wa ya fara jin labarin Gizo da Ƙoƙi. Ba a bakin Baba ba ne. Kaka ce, ko Goggo, ko wata tsohuwar maƙwabciya, bayan an ci tuwon dare. A nan wajenmu ma tsofaffi gatana suke cewa. Amma ku duba manyan kundayen tatsuniyoyin Hausa na farko. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, kuma babban wanda ya ba shi labarai namiji ne, Dorugu. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, kuma mafi yawan abin da ke ciki malamai ne suka rubuta da ajami, da yawa daga ƙasar Sakkwato, shi ya sa in kana karantawa za ka riƙa jin Hausarmu ta yamma. R. S. Rattray ya buga nasa a 1913 daga rubutun Malam Shaihu, a ƙasar da yanzu ake kira Gana.

Waɗannan kundaye taska ce, ba na musu. Neil Skinner ya fassara na Edgar zuwa Turanci, juzu'in farko ya fito a 1969, masana suna ta amfani da shi. Sai dai ka bi su shafi-shafi, da wuya ka ci karo da sunan tsohuwar da malamin ya ji labarin a bakinta yana yaro. An ɗauki nono an bar saniya ba suna.

Wuri ɗaya da aka yi akasin haka shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce da aka haifa a wajajen 1877. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, Mary Smith ta zauna da ita a Giwa da Zariya tana rubuta abin da take faɗa da Hausa: yadda ake harin bayi, yadda Turawa suka zo, aure da kishi da ƙawance da bori da goyon ɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, ba ta iya rubutu ba. Amma yau duk wanda zai yi nazarin rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa sai ya bi ta kanta. 'Yan makonni aka yi ana sauraron ta, shi ke nan. Tsofaffi nawa ne irinta a Sabon Gari yanzu haka, suna zaune a ƙofar ɗaki ba mai tambayar su komai sai "Kaka ina kwana"?

A ɓangaren waƙa an fi yin ƙoƙari. Beverly Mack ta tattara waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Ɗan garin nan kuma, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, ya ɗauki shekaru yana bin makaɗa da mawaƙa yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Wannan ya nuna aikin mai yiwuwa ne, kuma ba sai Bature ya zo ba.

Marubutanmu na yau da rubutun waya

Ko kun san cewa macen da ake lissafawa ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausar boko ta daɗe tana zaune a Gusau? Hajiya Hafsatu Abdulwahid ke nan, mai So Aljannar Duniya, wanda ya zo na biyu a gasar kamfanin NNPC na Zariya, aka buga shi a 1980. Bayanta mata suka cika fagen: Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, da Bilkisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, da ɗaruruwan wasu. Yayyenmu sun yi ta hayar littattafansu a shaguna, ana ɓoyewa a cikin littafin lissafi. Rubutun hannun waɗannan mata na farko, da wasiƙun da masu karatu suka riƙa aiko musu, sun cancanci akwati mai lamba a jami'o'inmu, kamar yadda na Hurston ya samu.

Doka ta ce duk mai buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Da yawa daga littattafan da aka buga a kasuwar Kano ba su bi ta wannan hanyar ba, don marubuciya ce ke tara kuɗinta ta kai maɗaba'a, a buga a kan takarda mai arha wadda ke yin ja ta karye cikin 'yan shekaru. Shagunan hayar ma yawanci sun koma sayar da caja da katin waya.

Wata za ta ce, "Ai yanzu an wuce nan, komai yana waya." Nan ne ma abin ya fi ban tsoro. Marubutan yanzu suna rubutu kai tsaye a waya, suna sakin shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Babu rubutun farko, don in an gyara, tsohon ya tafi. In an sace waya, ko ta faɗa ruwa, ko an rufe lambar mutum, shi ke nan. Kamfanonin intanet ma ba dawwama suke yi ba: OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka riƙa sa littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen 2023. Takardar Asma'u ta haura shekara 160 bayan rasuwarta. Wa zai iya rantsewa cewa memorin da ke cikin wayarsa zai kai shekara goma? Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a Arewa. Waɗanda suka ci gasa an san su. Sauran labaran suna cikin wayoyin masu su.

Me ya sa mu ne ya fi kamata mu yi sauri

Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan asara. 'Yandoto, kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce da ake zuwa daga nesa neman ilimi, har yau ma sarautar Tsafe sunanta take ɗauke da shi. An ci garin da yaƙi a zamanin jihadi, malamai suka watse, kuma abin da ya rage na rubuce-rubucensu kaɗan ne in aka kwatanta da sunan da garin ya yi. Labarin sarauniya 'Yargoje da na Dutsen Kwatarkwashi kuwa a baki suka fi rayuwa, kowane tsoho da yadda ya ji.

Yanzu kuma ba sai na gaya muku halin da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suke ciki ba. Akwai waɗanda ke karanta wannan mujalla da iyayensu suka baro gida da kayan jikinsu kaɗai. Kakata ma haka ta dawo wurinmu daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe. In an tashi gari, ana lissafa rayuka da shanu da hatsi, kuma daidai ne a fara da su. Abin da ba a lissafawa shi ne dandalin da 'yan mata ke gaɗa, da turmin da ake waƙa a kansa, da tsofaffi biyar da in ɗaya ta manta baiti ɗaya za ta tuna mata. Tatsuniya ba ta rayuwa a kan mutum ɗaya, sai da masu amshi. In an raba su, wata tana Gusau, wata tana Funtuwa, wata ta rasu a hanya, to labarin ya fara mutuwa ko da mai shi tana da rai.

Na ga wannan da idona. Na ɗauki littafin Goggo guda wanda gara ta cinye ƙarshensa, na je wurin Kaka na karanta mata farkon wata gatana. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya, mi za ki yi da gatana, ke da ka karatun boko?" Na dai matsa mata. Uku ta ƙarasa mini tiryan-tiryan har da waƙoƙinsu. Da muka zo ta huɗu sai ta yi shiru, ta daɗe tana kallon ƙasa, ta ce, "Wagga na mance ƙarshenta. Wadda tas san ta ta riga mu gidan gaskiya." Wadda take nufi ita ce Goggo.

Abin da ɗalibi zai iya yi da abin da ke hannunsa

Ba sai mun jira gwamnati ta gina mana bene ba. Ga abin da na koya, kuma na gwada.

Na farko, in ka sami tsohuwar takarda a gida, kada ka yi mata gyaran ganin dama. Kada a liƙe ta da salatif, don yana yin ja ya ci rubutun. Kada a kai ta a rufe da roba mai zafi irin ta takardar shaida, don in an yi ba a warwarewa. A cire fil da duk wani ƙarfe, tsatsa ke huda takarda. In za ka yi alama, da fensir, kuma a wata takarda daban. Ka bar su a jere yadda ka same su.

Na biyu, wurin ajiya. A ɗaga daga ƙasa, a nisanta da bangon da ke jiƙa da damina, kada a ƙulle a leda don gumi na taruwa ya kawo ruɓa. A naɗe da farin ƙyalle mai tsabta ko a sa a jakar takarda, a riƙa dubawa ko sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Na uku, ɗaukar hoto. Wayarka ta isa. A inuwa mai haske, ba da fitilar waya ba, shafi ɗaya hoto ɗaya, har da bango da shafin da ba komai. Kada ka dogara da turawa ta WhatsApp a matsayin hoto, yana rage ingancinsa. Ka ajiye kwafi uku: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filasha, ɗaya a intanet ko wurin wani ɗan'uwa a wani gari. Hikimar Asma'u ce dai, kada a zuba komai a wuri guda.

Na huɗu, naɗar murya. Ka nemi izini tukuna, ka gaya wa tsohuwa abin da za ka yi da shi. Akwai abin da za ta faɗa maka don kai jikanta ne, ba don duniya ta ji ba. In ta ce kada a yaɗa, to kada a yaɗa, amana ce. Ka zaɓi lokacin da ta saba, da dare, don tsofaffi da yawa ba sa yarda su yi gatana da rana. Ka tara mata yara, don da masu amshi take zuba. Kafin ta fara, ka faɗi kwanan wata, da wurin, da sunanta, da garin da aka haife ta, sannan ka tambaye ta a bakin wa ta ji. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce aka tsallake shekara ɗari da suka wuce, kada mu maimaita.

Na biyar, in za ka rubuta abin da ta faɗa, kada ka gyara mata Hausa. In ta ce munka tahi, kada ka mayar da shi muka tafi. In ta ce kusu, kada ka rubuta ɓera. Zamfarci ba kuskure ba ne, shi ne ma rabin dukiyar. Hurston ta gwammace littafinta ya kwanta da a sauya bakin tsohonta.

Na shida, a kai kwafi inda aka san aikin. Akwai Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa a can Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu. Asalin takardar na iyali ne, suna iya riƙe abinsu, kwafi kawai za a bayar tare da sharaɗin da suka ga dama.

Ina kuma da shawara ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. Duk shekara muna rubuta furojet ɗaruruwa, kuma kowa ya san inda yawancinsu ke ƙarewa. Me zai hana a nemi ɗakin karatu ya ware mana kabad guda da kwamfuta guda? 'Yan sashen kwamfuta su tsara rumbun, 'yan aikin ofis su buga rubutun, masu sha'awar jarida su yi hirar. In ɗalibi ɗari suka je hutu kowa ya dawo da muryar tsohuwa ɗaya ta minti talatin, sa'a hamsin ke nan a zango guda, ba a kashe komai ba sai caji da data.

Ni dai na fara da abin da na tarar. Littattafan Goggo biyar suna naɗe a farin ƙyalle a saman kabad, na ɗauki hoton kowane shafi, na rubuta sunanta da na Kaka a farkon jerin. Duk daren Juma'a in ina gida, nakan tara ƙannena a ɗakin Kaka in ajiye waya a kan tabarma. Zuwa yanzu mun naɗi gatana goma sha ɗaya. Ta huɗun nan da ta manta har yau ba ta dawo ba, amma Kaka ta ce akwai wata ƙawarta da suka taso tare, an ce tana wurin ɗanta a Bunguɗu, wataƙila ita ta riƙe. Hutu mai zuwa, in Allah Ya kai mu kuma hanya ta yi kyau, can na nufa.

Ku ma in kun koma gida, ku leƙa ƙarƙashin gado kafin a yi shara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Wassalam.